Git, Mercurial ko Subversion: wanne ya dace da aikin ƙamus a Damagaram?

Tambayar da aka turo ita ce: "Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne muke rubuta manhajar ƙamus na Hausa da Faransanci ta wayar Android, kowace kalma da muryarta. Uku muna cikin garin Zinder, ɗaya yana Mirya, ɗaya yana karatu a Yamai. Muna so mu buɗe kod ɗin kowa ya gani, mai so ya sa hannu. Yanzu dai ta WhatsApp muke tura wa juna folda, har mun kai ga kamus_na_karshe_3. Wani ya ce mu ɗauki Git, malaminmu ya ce shi Subversion ya sani, an kuma ambata mana Mercurial. Wanne za mu ɗauka, ga rezo ba tabbas, wuta ba tabbas?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka ukun shirye-shirye ne na ajiye kod da tarihin canje-canjensa, don mutane da yawa su yi aiki a kai tare. Ku ɗauki Git. Sai dai zaɓen sunan shi ne mai sauƙi a cikin lamarin. Abin da zai ba ku ciwon kai nan da wata shida muryoyin nan ne, da jerin kalmomin, da inda za ku ajiye aikin, shi ya sa a can zan fi daɗewa.

Mu daidaita kalmomi uku tukuna. Wurin da ake tara kod da duk tarihin canje-canjensa zan kira shi rumbu. In mutum ya gama wani gyara ya ɗaure shi da umarnin `commit`, da sunansa da kwanan wata da ɗan bayani, wannan ƙulli ne. Reshe kuwa hanya ce ta gefe da mutum ke aikinsa a kai ba tare da ya taɓa babban aikin ba, sai ya nuna a haɗe.

Malaminku bai faɗi abin banza ba. Kamfanin CollabNet ya fara Subversion a 2000 don ya maye gurbin CVS, wani tsohon shiri mai irin wannan aikin, sigar 1.0 ta fito a 2004, kuma shekaru da dama shi ne abin da kowa ke amfani da shi. Har yau yana da rai a hannun gidauniyar Apache. Amma gininsa rumbu ɗaya ne a saba ɗaya, wato kwamfutar da kowa ke haɗuwa da ita ta rezo. Kwamfutarka tana riƙe da kwafin aikin yanzu kawai. Kana iya ganin abin da ka canza ko ka maido da fayil ba rezo, amma `svn commit` da `svn log` sai ka kai ga sabar. Ka ɗauka na Mirya rezo ya guje masa kwana biyu: duk abin da ya rubuta a kwanakin nan zai taru tsibi guda, gyaran kuskure da sabon shafi da canjin launi a ƙulli ɗaya, ranar da wani abu ya lalace kuma ba mai iya ware wanne ne ya jawo. Ga kuma maganar baƙo. A Subversion wanda ba ku ba izinin rubutu ba, ba ya iya yin ƙulli ko ɗaya, sai dai ya turo muku faci, wato gyaransa a fayil, ya jira. Aikin da ake so jama'a su sa hannu ba ya son wannan ƙofar. FreeBSD ta bar Subversion ta koma Git a ƙarshen 2020, GitHub kuma, mai ba rumbuna masauki a intanet, ya daina karɓar masu shigowa da Subversion a Janairun 2024. Inda zai iya riskar ku shi ne in wata rana kuka rubuta ƙari na WordPress, don rumbunsu na ƙare-ƙare har yanzu da shi yake aiki.

Git da Mercurial tagwaye ne, wata ɗaya aka haife su, Afrilun 2005, dalili ɗaya kuma: an janye wa masu rubuta Linux damar amfani kyauta da BitKeeper, shirin da suke ajiye tarihin kod ɗinsu da shi. Linus Torvalds ya rubuta Git, bayan ƴan watanni ya miƙa shi ga Junio Hamano, wanda ke riƙe da shi har yau. A dukansu biyun kowa yana da cikakken rumbu a kwamfutarsa, tun daga ƙullin farko. Ƙulli, reshe, haɗewa, duba tarihi, duk ba sa bukatar mega ko ɗaya. Rezo sai lokacin turawa da janyowa.

Gaskiya ɗaya ce, umarnan Mercurial sun fi na Git tsabta, kuma sabon shiga ya fi wuyar yi wa kansa ɓarna da shi. Da ku biyar ɗin nan ne kaɗai har abada, da ban hana ku ba. Amma kun ce kuna son na waje ya sa hannu, na wajen nan kuwa, ɗalibin jami'ar Zinder ne ko wani a Kano ko Maraɗi, Git ya koya in ya koyi wani abu. Python ya bar Mercurial a 2017, Bitbucket, wani mai ba rumbuna masauki, ya rufe rumbunan Mercurial a 2020, OpenJDK ya koma Git a shekarar, Firefox ma da ya daɗe yana riƙe da shi ya ƙaura a 2025. Android Studio da kuke aiki da shi ya san Git tun daga akwati. Wanda ya kai hajarsa kasuwar Dole ya fi wanda ya kasa ta a ƙofar gida samun mai taya.

Akwai na huɗu da ba a ambata muku ba, Fossil, na Richard Hipp mai SQLite. Fayil ɗaya ne shirin, fayil ɗaya ne rumbun, kuma a ciki har da wurin rubuta rahoton kurakurai da shafukan bayani, ka buga `fossil ui` su buɗe a burauza ba intanet. Ga ƙaramar tawaga mai ƙarancin rezo abin sha'awa ne ƙwarai. Matsalarsa ita ce ta Mercurial, har ta fi: masu iya shi kaɗan ne.

To, Git daban, GitHub daban, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Git shiri ne a kwamfutarka. GitHub kamfani ne da ke ba da masauki, an buɗe shi a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018. Akwai GitLab, akwai Codeberg na wata ƙungiya mai zaman kanta a Jamus wadda ba ta neman riba. Don neman masu sa hannu GitHub ya fi jama'a, ku fara da shi. Amma masauki yana rufewa: Google Code ya rufe a 2016, kun kuma ji abin da ya sami masu Mercurial a Bitbucket. Ku riƙe cewa `git clone`, umarnin sauko da rumbu zuwa kwamfutarka, yana kwaso kod da tarihinsa ne kawai. Rahoton kurakurai da muhawarar da aka yi kan kowane gyara suna zaune a gidan mai masaukin, ba sa biyo ku. Saboda haka duk shawara mai nauyi, misali dalilin da ya sa kuka zaɓi rubuta ƴ a maimakon 'y, a rubuta ta cikin fayil a rumbun. Ku kuma buɗe masauki na biyu da `git remote add madadi` da adireshinsa, mutum ɗaya ya riƙa tura masa duk Juma'a.

Ranar farko kowa ya buga waɗannan a kwamfutarsa:

`git config --global user.name "sunanka"`
`git config --global user.email "adireshinka"`
`git config --global init.defaultBranch main`
`git config --global core.quotepath false`

Adireshin imel ɗin nan yana shiga kowane ƙulli, duniya kuma za ta gan shi, don haka wanda ba ya so ya yi amfani da adireshin ɓoye da GitHub ke bayarwa. Layin ƙarshe namu ne mu masu ƙugiya. In ba ka sa shi ba, fayil mai suna ƙasa.txt zai fito a `git status` kamar haka: `"\306\231asa.txt"`. Fayil ɗin lafiyarsa lau, Git ne ke nuna harafin ƙ da lambobi. Duk da haka shawarata sunayen fayiloli ku bar su ba ƙugiya, ƙugiyar ta zauna a cikin rubutun, a tsarin UTF-8.

In wasunku Windows ne wasu Linux, ku sa fayil `.gitattributes` mai layi `* text=auto`. In babu shi, wata rana wani zai gyara harafi ɗaya Git ya nuna duk layukan fayil ɗin sun canza, saboda Windows da Linux ba iri ɗaya suke rufe layi ba. Sai `.gitignore`, jerin abubuwan da Git zai ƙyale ba zai ƙulla ba, kuma a rubuta shi kafin ƙullin farko: `build/`, `.gradle/`, `local.properties`, `*.apk`, `*.jks`, `*.keystore`. Sai fayil ɗin lasisi. Kod da aka baza a fili ba lasisi, a doka ba buɗaɗɗe ba ne, ba wanda ke da izinin ɗauka. MIT in kuna so kowa ya yi yadda ya ga dama, GPL in kuna so wanda ya gyara ya rarraba shi ma ya buɗe nasa. Ku yanke wannan yanzu da kuke ku biyar, don in kun kai talatin sai an nemi yardar kowa. Wajen turawa kuma GitHub ya daina karɓar kalmar sirri tun Agustan 2021, don haka ku yi mabuɗi: `ssh-keygen -t ed25519`, ka ɗora rabin da ya ƙare da `.pub`, ɗaya rabin ba ya barin kwamfutarka.

Yanzu muryoyi. Mu yi lissafi. Murya a WAV, tsarin sautin da ba a matse ba, layi ɗaya, bit 16, a hertz 44,100, tana cin bayit 88,200 kowace daƙiƙa. Kalma ɗaya daƙiƙa biyu, kusan KB 176 ke nan. Kalma 5,000 ta kai MB 880. Git ba ya mantuwa: in kuka sake ɗaukar kalma 1,000 don an ji kukan akuya ko ƙarar kabu-kabu a bayan na farko, tsofaffin suna nan cikin tarihi, sababbin sun hau kansu. Dabarar da Git ke yi wa rubutu, ta ajiye bambanci kawai, ba ta cin sauti. Kowane baƙo da ya zo gyara layi biyu sai ya sauke fiye da giga ɗaya. Abin da ya fi ciwo, `git clone` ba ya ci gaba daga inda ya tsaya. Rezo ya yanke a kashi 90, ka koma sifili, forfe ya tafi.

Don haka WAV ba ya shiga rumbun kod, ko sau ɗaya. Ku ajiye na asali a faifai biyu a gidaje biyu. Abin da manhaja za ta yi amfani da shi ku matse shi zuwa Opus: a kilobit 24 kalma ɗaya kusan KB 6 ce, 5,000 ɗin MB 30. Ko waɗannan ma gara su zauna a rumbu na biyu, ko a ɗaure su a zip a liƙa a shafin fitar da siga, da ɗan umarni da ke sauke su lokacin gina manhaja. GitHub yana gargaɗi in fayil ya wuce MB 50, yana ƙin wanda ya wuce MB 100, amma kada wannan ya ruɗe ku, dubban ƙanana su ma nauyi ne. Za a ce muku ga Git LFS. Yana aiki, yana sa ɗan rubutu mai nuni a rumbu ya kai ainihin fayil ɗin wata saba. Sai dai yana da iyakar da mai masauki ya sa, kuma ya dogara da rezo, abin da kuke gudu. A gefe guda, in masu muryar sun yarda a sake ta ga kowa, ku duba Lingua Libre na Wikimedia ta Faransa, don ɗaukar furucin kalmomi aka yi shi, yana kuma ajiye su a Wikimedia Commons.

Jerin kalmomin shi ne zuciyar aikin, kuma nan za ku fi yin karo. In yana cikin fayil ɗin Excel, Git ba ya ganin cikinsa, dunƙule ɗaya yake gani. Mutum biyu suka gyara rana ɗaya, dole a zubar da aikin ɗaya. A nan kam Subversion yana da abin faɗa, don yana da kulle, `svn lock`, mutum ya riƙe fayil har ya gama. Maganin a Git shi ne a mai da jerin rubutu zalla, CSV ko TSV, kalma ɗaya layi ɗaya, a jere bisa haruffa, gara ma a raba shi fayil-fayil: a.tsv, b.tsv, har ƙarshe. Wanda ya buɗe a Excel ya tabbata ya adana da zaɓin CSV UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya. LibreOffice yana tambayarka tsarin haruffa, ya fi aminci. In aka yi haka, na Yamai yana harafin d kai kana harafin k, Git ya haɗe ba wanda ya ji. Sai kun taɓa layi ɗaya zai tsaya ya nuna:

`<<<<<<< HEAD`
`rariya	tamis`
`=======`
`rariya	passoire`
`>>>>>>> gyaran-r`

Ba lalacewa ba ce. Yana cewa ne ga naka a sama, ga nasa a ƙasa, ku zaɓa. Ka goge alamomin uku, ka bar abin da kuka yarda, ko ka haɗa ma'anonin biyu, sai `git add` da `git commit`. In ka rikice, `git merge --abort` ya mai da kai inda kake kafin ka fara.

Ranar da rezo ya ƙi gaba ɗaya, ku ukun da ke gari ba ku bukatar kowa. A kile, wato filashi, ku yi rumbu tsirara: `git init --bare kamus.git`. Kowa ya ƙara shi da `git remote add kile` da hanyar da kilen ya bayyana a kwamfutarsa, sai `git push kile main` da `git pull kile main`, daga Birni zuwa Zango a aljihu. Sababbin sigogin Git, tun 2022, kan ƙi taɓa irin wannan rumbu su ce `dubious ownership`, don FAT32 da exFAT, tsarin ajiya na kile, ba sa rubuta mai fayil. Saƙon da kansa yana ba ka umarnin `safe.directory` da za ka kwafa. A cire kilen ta hanyar da ta dace, kada a fizge.

Na Mirya kuwa, WhatsApp ɗin da kuka saba zai yi aiki, amma da tsari. `git bundle create kamus.bundle --all` yana dunƙule rumbun duka a fayil ɗaya, a tura shi a matsayin takarda, shi kuma ya buga `git clone kamus.bundle kamus`. Wannan ne ma maganin saukewar da ke yankewa, don fayil guda ana iya ci gaba da sauke shi ko a ba da shi hannu da hannu. Daga baya ba sai an sake tura duka ba: in kun sa alamar `v0.1` a inda ya tsaya, `git bundle create sabo.bundle v0.1..main` zai ɗauki abin da ya ƙaru kawai, sau da yawa ƴan KB, shi kuma ya yi `git pull sabo.bundle main`. Baƙon da ke son leƙawa kawai ya yi `git clone --depth 1`, ya sami sigar yanzu ba tarihi, in ya so ƙari `git fetch --deepen 100`. Wanda kwamfutarsa ta mutu ma yana iya gyaran kalmomi a waya, manhajar Termux tana girka Git da `pkg install git`.

Tsarin aiki kada ku wahalar da kanku da manyan tsare-tsaren kamfanoni. Reshe ɗaya babba, `main`, kullum yana ginuwa. Kowane aiki da reshensa, `git switch -c gyaran-bincike`, a gama shi cikin kwana biyu ko uku, wani ya karanta, a haɗe, a goge reshen. Reshen da ya yi wata guda a gefe, ranar haɗe shi sai an yi zaman sulhu. Ƙulli ya zama ƙarami, bayaninsa ya faɗi abin da aka yi: "bincike ya daina bambanta k da ƙ" ya fi "gyara" sau dubu. Amfanin ƙananan ƙulli yana fitowa ranar da manhaja ta fara mutuwa ba wanda ya san tun yaushe. `git bisect` yana raba tarihi biyu-biyu, cikin ƙulli 1,000 gwaji goma ya isa ya nuna mai laifin.

Abubuwa uku ne ke ɓaci, kuma za su faru.

Wuta ta ɗauke kwamfutar tebur tana tsakiyar ƙulli. Da ta dawo Git ya ce `object file is empty` ko `loose object is corrupt`. Kada ka fara goge-goge cikin `.git`. Ka kwafe foldar duka gefe, ka buga `git fsck` ka ga iyakar ɓarnar, ka kwaso sabon rumbu daga masauki ko kile ko wurin abokin aiki, ka ɗora fayilolinka na yanzu a kai, ka sake ƙullin. Abin da zai ɓata bai wuce ƙullin da ba ka tura ba, shi ya sa ake turawa duk lokacin da rezo ya leƙo.

Na biyu, wani ya ƙulla sirri: mabuɗin sa hannun manhaja ko kalmar sirrin wata saba. Goge shi a ƙulli na gaba ba ya cire shi, yana nan a tarihi, kuma akwai masu shirye-shiryen da ba su da aiki sai tsintar irin wannan a rumbunan fili. Mataki na farko a kashe mabuɗin a yi sabo. Wanke tarihi da `git filter-repo` yana biyo baya, kuma bayan sa dole kowa ya sake kwaso rumbun, don duk lambobin ƙulli sun canza.

Na uku, wani ya tura, Git ya ƙi, ya nemo a intanet aka ce ya ƙara `--force`, ya shafe aikin mutum biyu. Ƙin da Git ya yi cewa yake akwai abin da ba ka janyo ba, amsar ita ce `git pull --rebase` sannan ka tura. Ku kulle `main` a saitin masaukin yadda ba mai iya tura masa da ƙarfi. In ta riga ta faru, aikin yana nan a kwamfutar masu shi, kuma `git reflog` yana riƙe da sawun inda reshe ya taka, aƙalla kwana 30 ga ƙullin da aka yasar.

Saura foldodin nan naku na WhatsApp. Kada ku zubar, tarihi ne. Ku jera su daga tsohuwa zuwa sabuwa. A sabuwar folda ku yi `git init`, ku sa `.gitignore` da `.gitattributes`, ku ƙara `*.wav` a cikin na farkon, ku zuba tsohuwar siga, `git add -A`, sai `git commit` da `--date` na ranar da aka turo ta. Ku goge komai ban da `.git` da fayilolin nan biyu, ku zuba ta gaba, ku maimaita har kamus_na_karshe_3. Kafin turawar farko ku buga `git count-objects -vH`. In ya nuna fiye da ƴan MB, wani abu mai nauyi ya sulale ciki, ku nemo shi tun rumbun bai bar kwamfuta ɗaya ba.